Waiwaye: Yadda sabara ta gaji marke a Dajin Zamfara

Wanda ya tashi a Zurmi ko Birnin Magaji ya san itatuwan dajinmu da amfaninsu tun kafin ya iya karatu. Kirya ta maƙera ce da masu sassaƙa turmi. Bagaruwa ta majema. Aduwa da magarya da kurna kuwa na yara ne da mata masu kai su kasuwa. Gawo shi ne abin mamaki: yana kakkaɓe ganyensa da damina, gero ya samu rana a ƙarƙashinsa, sai rani ya tsananta ya yi kore shar, awaki su taru suna tsintar 'ya'yansa.

Turawan mulkin mallaka ne suka shata wannan daji suka mai da shi gandun gwamnati, aka bar ƙauyuka irin su Dumburum da Shamushalle a cikinsa. Malamin daji ya zama abin tsoro ga mai gatari. A 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, makiyaya suka samu madogara.

Sai farin 1973 ya zo. Dabbobi suka mutu, manyan itatuwa suka bushe a tsaye, jama'a suka ƙara kutsawa daji neman gona da itacen girki. Masu gawayi suka biyo baya, su kuma ba sa raga wa kirya da marke. Yanzu inda inuwa take a da, sabara da geza da tumfafiya za ka gani. Duk manomi ya san tumfafiya ba ta yawa sai a ƙasar da ta gaji. Daga baya 'yan bindiga suka mamaye dajin, har tsintar aduwa ta zama kasada.

Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato dashen itatuwa don tare kwararowar hamada, a 2007, Zamfara da Kebbi na cikin jihohin Najeriya 11 da ya shafa. Ana dashe, amma ni abin da ke ci mini rai shi ne yawan dogaro da dogonyaro, baƙon da ya zo daga Indiya, alhali kututturen itatuwanmu na nan da rai a ƙasa. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun gane haka tun shekarun 1980 da abin da suke kira sassaben zamani. Manomi ya tarar da tohon kalgo ko gawo a gonarsa, ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran da wuƙa, ya ci gaba da nomansa a gefensu.