Birkin motar da ka haɗa da hannunka ya yi tauri? Tambayoyi da amsoshi

Akwai masu sayen sassan mota a kwali, su tsinto injin da birki daga wata tsohuwar mota, su haɗa da kansu a gida. Ranar gwaji sai a taka birki a ji shi ƙam kamar dutse, motar kuma tana ta gangarawa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka.

Ko iska ce ta shiga layin man birki?

A'a. Iska matsuwa take yi, don haka idan ta shiga, fedar laushi take yi har ta nutse ƙasa. Tauri wata matsala ce daban, kuma ko sau goma ka fitar da iska ba zai sauya ba. Kada ka ɓata man birkinka a nan.

To daga ina zan fara?

Idan motar tana da busta, wato tukunyar nan mai ƙara wa ƙafarka ƙarfi da zuƙar iskar injin, wadda ke tsakanin feda da masta (silindar da ke tura man birki zuwa tayoyi), fara da ita, don gwajinta ba ya cin ko sisi. Kashe injin, ka taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri. Bar ƙafarka a kai, ka tayar da injin. Idan busta na aiki, za ka ji fedar ta ɗan sauka a ƙarƙashin ƙafarka. Idan ba ta motsa ba, zuƙar iska ba ta isa gare ta, ko kuma robar cikinta ta yage.

Bi tiyon da ya taso daga manifol, wato bututun da injin ke shaƙar iska ta cikinsa, zuwa busta. Masu haɗa mota kan sa tiyon mai ko na ruwa saboda shi ne a kusa, amma irin wannan yana shaƙewa ya manne idan injin ya zuƙa. Duba kuma ɗan bawul ɗin da ke kan tiyon, mai barin iska ta bi hanya ɗaya kawai. Cire shi ka hura: ya kamata iska ta wuce idan ka hura daga ɓangaren busta zuwa na injin, ta toshe idan ka hura daga ɓangaren injin. Sau da yawa a juye ake saka shi.

Tiyo lafiya, bawul lafiya, amma taurin na nan. Injin zai iya zama sanadi?

Ƙwarai. Injin fetur na yau da kullum yana ba da zuƙa ta kusan inci 17 zuwa 21 na ma'aunin mekuri idan yana silo, kuma busta tana son wajen 18. Injin da aka sa wa kamshaf na tsere, wato sandar da ke buɗe bawul ɗin injin, yana iya faɗowa ƙasa da haka sosai, sai birki ya kama a takun farko, na biyu ya ƙi. Injin dizal kuwa ba ya samar da wannan zuƙar a manifol, dole sai da famfo na musamman. Sa ma'auni a kan tiyon ka karanta da idonka. In ta gaza, famfon zuƙa na lantarki yana maganinta.

Tawa ba ta da busta sam. Me ya sa birkin yake da nauyi haka?

Nan ne masu haɗa mota da yawa suke faɗawa, kuma nan ya kamata a tsaya a yi lissafi. Ƙananan motoci marasa nauyi irin samfurin Lotus Seven suna tsayawa lafiya lau ba tare da busta ba, amma sai an zaɓi feda da masta da suka dace da hakan. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya ɗauko feda da masta daga motar da aka ƙera da busta, ya yar da bustar saboda babu wurin saka ta, ya ɗaura sauran yadda suke.

Auna daga ƙusar da feda ke lilo a kanta zuwa tsakiyar inda kake takawa. Sake aunawa daga ƙusar zuwa inda sandar da ke tura masta ta haɗu da fedar. Raba na farko da na biyu, abin da ya fito shi ne ninkin fedar. Mota mai busta takan ba da wajen 4, marar busta kuwa tana buƙatar wajen 6.

Sai faɗin masta. Mutane da yawa suna zaton babban masta ya fi ƙarfi, alhali akasin haka ne. A ce ka taka da ƙarfin kilo 30. Da feda mai ninki 6, kilo 180 ne ke isa fistan. A masta mai faɗin milimita 19, wannan zai ba da matsin kusan bar 62 (bar ma'aunin matsi ne). A mai milimita 25.4, kusan bar 35 kawai. Idan kuma fedar mai ninki 4 ce a kan babban mastan, sai ya faɗo wajen bar 23. Ƙafa ɗaya, ƙarfi ɗaya, amma kalifa, wato abin da ke matse faifan birki a taya, ta samu abin da bai kai rabin na farko ba. Ni a ganina, wanda bai yi wannan lissafin ba bai kamata ya sayi sabon sashe ko ɗaya ba tukuna. Ka dai sani ƙaramin masta yana ƙara wa feda tafiya, don haka tabbatar ba za ta taɓa ƙasa ba.

Birkin yana farawa lafiya, sai ya ƙara tauri bayan an ɗan yi tafiya, tayoyi suna zafi. Wannan fa?

Sandar tura masta ta yi tsawo. Fistan ba ya komawa mazauninsa, ya toshe 'yar ƙofar da mai ke bi ya koma tanki. Mai ya yi zafi ya kumbura, birki ya riƙe da kansa. Rage tsawon sandar har sai fedar ta samu ɗan wasa kafin ta fara turawa.

In duk waɗannan daidai ne?

Ɗaga motar da jak, wani ya taka birki, kai kuma ka juya kowace taya. Wadda ta juya, duba fistan ɗin kalifarta ko ya cije, ko bututun ƙarfe ya lanƙwashe wajen haɗi. Duba fad ɗin ma, wato abin da ke goga faifan birki: na tsere ba sa kamawa sai sun yi zafi, waɗanda fuskarsu ta yi santsi tana sheƙi kuma sun ƙone, sai canji. Duk gyaran da ka yi, gwada shi a fili inda babu mutane, da ƙaramin gudu, kafin motar ta hau titi.