Me ake nufi da Cincíseach?

Kalmar daga yaren mutanen ƙasar Ayilan (Ireland) take, furucinta kusan "kinkishak". Asalinta Cincís, sunan da suke kiran bikin Fentikos na Kirista, Lahadi ta bakwai bayan Ista, wanda yake faɗowa a watan Mayu ko Yuni. To duk jaririn da ya zo duniya a wannan lokacin shi ne cincíseach, haka ma ɗan doki ko ɗan maraƙi.

Kuma fa ba sunan yabo ba ne. Mutanen karkara a da sun camfa cewa irin wannan yaro ko dai ya yi kisan kai ko a kashe shi, wai hannunsa da nauyi, ko da wasa ya mangare yaro ɗan'uwansa sai abin ya zama babba, shi ya sa iyaye ke ja wa 'ya'yansu kunne kar su yi faɗa da shi. Dama kwanakin gaba ɗaya tsoronsu ake, ba a wanka a kogi, masunta da yawa ba sa shiga teku.

Mu ma muna sa wa yaro suna da lokacin zuwansa, su Azumi, Ɗanladi, Marka, amma wannan ya fi kama da a ce wa mutum mai farar ƙafa, kuma wallahi abin yana taɓa min zuciya, jariri ko ido bai gama buɗewa ba an ɗora masa jinin wani.

Sai dai iyaye mata ba su zauna ba. A samo tana ko wani ɗan ƙwaro a sa a tafin jaririn, uwa ta dunƙule ɗan hannun da nata har abin ya mutu, shi ke nan ya yi kisan da aka ce zai yi, magana ta ƙare. Wasu kuma su yanko ƙasa da ciyawarta su ɗora masa a ka na ɗan lokaci kamar an binne shi an tono.

Tsakanin 1937 da 1939 hukumar tattara al'adun gargajiya ta Ayilan ta sa 'yan firamare su rubuto irin waɗannan daga bakin kakanninsu, littattafan suna nan ajiye a jami'ar UCD da ke Dublin. A ƙamus ɗin yaren mutanen Ayilan har yau kalmar tana nufin mutum marar sa'a.