Daidaita ruwan bahon jakuzi

Jakuzi babban baho ne na ruwan zafi wanda famfo ke feso ruwa da iska a cikinsa. Sunan ya samo asali daga iyalan Jacuzzi, 'yan asalin Italiya da suka zauna a Kalifoniya, inda Roy Jacuzzi ya fitar da baho mai mafesai a jikinsa a 1968. Na gida yakan ci kamar lita 1,500, ana dumama shi har digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma ba a zubar da ruwan bayan kowane wanka. Matsalar ke nan: ruwa kaɗan, ga zafi, ga gumi da man shafawa da sabulun da ya maƙale a tufafi.

Ma'aunin da kome ya rataya a kansa shi ne pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Ana so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Idan ya yi ƙasa, ruwan yana cin ƙarfen na'urar dumamawa, yana sa ido raɗaɗi. Idan ya haura, ruwa yakan yi hazo, farin ɓawo ya kama bututu, sannan kulorin, sinadarin da ake zubawa don tsabtace ruwan, ya rasa kaifi: a 7.5 kusan rabinsa ne ke cikin sigar da ke kashe ƙwayoyin cuta da gaske, a 8.0 kuwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu. A jakuzi pH ya fi son hawa, domin kumfar da mafesai ke tayarwa tana korar iskar kabon dayoksaid daga ruwan.

Kafin a taɓa pH ana fara gyara alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na riƙe pH kada ya riƙa tsalle. Ana neman miligiram 80 zuwa 120 a lita. Bekin soda ke ɗaga shi, sodiyam baisalfet ke sauko da shi. Sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwan kuma ana so ya tsaya tsakanin miligiram 150 da 250 a lita.

Sai maganin kashe ƙwayoyi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kada kulorin ya gaza miligiram 3 a lita, buromin kuma kada ya gaza 4. Masu jakuzi da yawa sun fi son buromin don ya fi jure zafi. Warin nan mai hawa ka da ake cewa kulorin ya yi yawa, akasin haka yake nunawa: kulorin ne da ya riga ya haɗu da gumi da fitsari ya mutu, kuma maganinsa a zuba kulorin mai yawa a tashi ɗaya, a bar murfi a buɗe.

Ruwa ya yi garau ba shaidar tsabta ba ce. Ƙwayar Pseudomonas aeruginosa tana kawo ƙuraje masu ƙaiƙayi, galibi inda kayan wanka suka matse fata. Legionella ta fi muni, don a tururi ake shaƙar ta: a 2019, a wani baje kolin jihar Karolina ta Arewa, jakuzin da aka kafa don talla sun jawo ciwon huhu ga mutane fiye da 130, huɗu suka rasu.

Ana gwada ruwan da 'yar takarda mai sauya launi kafin a shiga, a wanke matatar ruwan a kai a kai, a zubar da ruwan duka bayan wata uku ko huɗu. Ba a haɗa sinadarai biyu a mazubi ɗaya.