Shin cikar wata ce ke sa dutse ya yi aman wuta?

An daɗe ana cewa idan wata ya cika, duwatsu masu aman wuta sukan tashi, har wasu na ganin da kalandar wata kaɗai za a iya sanin ranar. Maganar tana da ɗan tushe, amma an zuzuta ta.

Gaskiya ne ƙarfin jan wata da rana ba teku kaɗai yake ɗagawa ba. Ita ma doron ƙasa tana ɗagowa ta koma, kusan santimita 30, ba tare da mun ji ba. Jan yakan tsananta duk bayan kwana 14 da 'yan kai, wato lokacin cikar wata da kuma lokacin ɓatansa, abin da masu wannan magana kan manta. Sai dai matsin da yake haifarwa ƙanƙani ne ƙwarai, bai kai ko kusa da na narkakken dutsen da ke tunkuɗowa daga ƙasa ba. Iyakarsa ya ɗan zunguri dutsen da dama ya cika ya batse.

A dutsen Axial da ke ƙarƙashin teku daura da jihar Oregon ta Amurka, wanda ya yi aman wuta a 2015, an lura ƙananan girgizar ƙasa sun fi yawa idan jan wata ya sa ruwan tekun da ke bisa dutsen ya ragu. Amma masana ba da wata suka hango aman ba, kumburin ƙasan teku suka auna. Haka a Pinatubo ta Filifin a 1991: yawaitar girgiza da hayaƙin farar wuta ne suka sa aka kwashe dubban mutane kafin babbar fashewar 15 ga Yuni.