Fashin baƙi kan E10: manufar gauraya itanol da fetur a Najeriya

A shekarar 2007 gwamnatin tarayya ta wallafa manufarta ta man da ake samu daga tsirrai, bayan umarnin da aka bai wa NNPC a 2005 na ta fara shirin. Jigon manufar shi ne E10: a kowace lita 100 ta man mota, lita 10 ta zama itanol, 90 fetur. Ta ambaci rogo da rake cikin amfanin gonar da za a sarrafa, ta yi wa masu kafa masana'anta alkawarin hutun haraji na shekara 10 da yafe kuɗin kwastan kan injinan da za su shigo da su, ta kuma ɗora wa NNPC sayen abin da suka samar. An yarda a fara da itanol na ƙasashen waje kafin na gida ya wadata.

Sai dai manufa ce ta ɓangaren zartarwa. Majalisa ba ta mayar da ita dokar da ke hukunta wanda ya ƙi gaurayawa ba, kuma har yau E10 bai zama man da ake sha a gidajen mai ba. Barazil, wadda ta soma shirinta a 1975, tilas ta yi: itanol kashi 27 cikin 100 na man mota tun 2015, kashi 30 daga Agustan 2025.

Wane itanol ake nufi? Sinadarin da ke sa maye a giya ne, shi ya sa ake lalata shi da gangan, a zuba masa fetur kamar kashi 2 zuwa 5 cikin 100 don kada ya shawu.

Ruwan rake da sukarinsa yake zuwa, sai a zuba yis kai tsaye. Rogo kuwa sitaci ne, yis ba ya cin sa. Dole a markaɗa shi, a dafa da sinadarin alfa-amiles a zafin digiri 85 zuwa 90, a huce, a sa gulukoamiles ya ƙarasa mayar da shi sukari. Ɗanyen rogo yana fara lalacewa kwana biyu ko uku bayan tono, don haka masana'antar da ke nesa da gona ta yi asara tun kafin ta kunna tukunya. Daga nan yis ya tsima sukarin: giram 180 na wannan sukari, wato gulukos, yana ba da giram 92 na itanol da 88 na iskar kabon dayokzayid, wato itanol ɗin rabin nauyin sukarin ne da ɗan ɗoriya, kuma a aikace ba a cika samun hakan. Yis na son digiri 30 zuwa 35. A zafin bazararmu, in ba a sanyaya tanki ba, yis ya raunana, ƙwayoyin cuta masu tsamar da madara su cinye sukarin su bar tsami. Abin da ke fitowa bayan kwana biyu zuwa uku ruwa ne mai itanol kusan kashi 10.

Itanol na tafasa a digiri 78, ruwa a 100, don haka ana raba su da tururi. Amma tatar tana tsayawa cik a wajen kashi 96, domin a nan itanol da ruwa ke tashi tare. Ko sau goma aka maimaita ba za ta wuce ba. Cire ragowar ruwan nan shi ne babban aikin. Ana bi da tururin ta cikin ƙananan duwatsun ziyolayit masu ramukan da ke kama ruwa su saki itanol, har a kai kashi 99 da ɗoriya.

Dalilin wannan wahala shi ne itanol na jan ruwa, fetur kuwa ba ya haɗuwa da shi. Ruwa kamar rabin kashi ɗaya cikin 100 ya isa ya raba E10 gida biyu: itanol da ruwa su kwanta ƙasan tanki, fetur mai raunin oktan (ma'aunin ingancin ƙonewar mai a inji) ya taso sama. Famfo daga ƙasa yake ja. Injin ya riƙa shaƙewa, tanki ya yi tsatsa, tsofaffin robobin kafireto na babur da janareta su kumbura. Saboda haka ake gaurayawa a daffo lokacin lodin tanka, ba a tura shi ta bututu. Duk gidan man da ruwan damina ke shiga tankinsa na ƙarƙashin ƙasa sai an yashe shi an toshe kafin a sauke masa E10, kuma wannan ne sashen da ya fi buƙatar masu sa ido na gaskiya.

Mai mota ya san cewa ƙarfin itanol bai kai na fetur ba da kusan kashi ɗaya bisa uku, don haka litar E10 na rage nisan tafiya da kamar kashi 3 cikin 100. Kowace lita ta itanol ɗin rake kuma tana barin lita 10 ko fiye na gurɓataccen ruwa, wanda in aka sake shi a kogi yake shaƙe kifi, in aka auna aka kai gona ya zama taki.