Yawan ƙonewar fiyus a mota

Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da ake sakawa a kan hanyar wutar lantarkin mota domin ya narke idan wutar da ke bi ta cikinsa ta wuce kima, kafin waya ta yi zafi ta kama da wuta. Idan ya ƙone sau ɗaya bayan shekaru, yana iya zama tsufa ne kawai. Amma idan an canza ya sake ƙonewa, matsalar tana cikin layin da yake karewa, kuma sai an gano ta za a huta.

Yawancin ƙananan motoci suna aiki da batir mai volt 12, sannan idan injin yana tafiya ana samun kimanin 13.5 zuwa 14.5. Fiyus mai ƙafa biyu da aka fi sani ana gane ƙarfinsa ta launi, a ma'aunin amfiya, wato yawan wutar da ke bi ta waya: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari 25, kore 30. Akwatinsa kan kasance biyu, ɗaya a ƙarƙashin bonet kusa da batir, ɗaya a cikin mota ta wajen sitiyari, kuma a bayan murfin akwai zanen da ke nuna aikin kowane.

Abin da ke jawo shi

Dalili na farko shi ne shot, wato waya mai wuta ta goge robarta ta taɓa ƙarfen jikin mota. Tunda bodin mota shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir, wutar sai ta tsallake fitila ko na'urar da ya kamata ta ratsa, ta yi yawa nan take. Na biyu shi ne lodi ya fi ƙarfin layin. Lissafinsa mai sauƙi ne: a raba watt, wato ƙarfin wutar da na'ura ke ci, da volt, sai a sami amfiya. Ƙwan fitilar gaba mai watt 55 yana jan kusan amfiya 4.6, mai watt 100 kuwa ya haura 8, don haka wanda ya saka manyan ƙwayaye biyu a layin da aka tsara wa ƙanana ya kusan ninka lodin. Haka ma injin fanka ko na waifa da ya cije, yana jan wuta fiye da yadda aka saba.

Shi kansa fiyus ɗin da ya ƙone yana ba da labari. Idan cikinsa ya yi baƙi, ƙarfen ya tarwatse, galibi shot ne. Idan ƙarfen ya narke a hankali ya rabu, lodi ne. Idan kuwa robar ce ta narke a wajen ƙafafun, mazaunin ne ya saki ko ya yi tsatsa, zafin daga rashin kamawa yake fitowa.

Yadda ake bincike

Kafin a taɓa waya, a lura da lokacin da yake ƙonewa. Wanda ke tashi da an saka shi, ko makulli bai shiga ba, shot ɗinsa yana tsakanin akwatin fiyus da makunni. Wanda sai an taka birki, ko an saka ribas, ko an kunna na'urar sanyaya mota, ya riga ya nuna ɓangaren da za a duba. Mafi wahala shi ne wanda sai an faɗa rami ko an buɗe ƙofa, domin wayar tana taɓa ƙarfe ne ta saki.

Masu gyaran wayar mota suna da dabarar da ke hana asarar fiyus. Ana cire wanda ya ƙone, a jona ƙwan fitila mai watt 21, irin na birki, a ramuka biyu na mazauninsa. Ƙwan ba zai bar wuta ta wuce kimanin amfiya 2 ba, saboda haka waya ba za ta ƙone ba ko da shot ɗin na nan. Idan an kashe duk abin da ke kan layin amma ƙwan ya haska sosai, akwai shot. Daga nan sai a riƙa zare soket ɗaya bayan ɗaya ana kallon ƙwan. Soket ɗin da aka zare hasken ya mutu, matsalar tana cikin wannan na'urar ko wayar da ta wuce ta. Idan an zare duka bai mutu ba, tana cikin damin wayoyin, sai a bi shi da hannu ana girgizawa a hankali har a ga inda hasken ke ƙyaftawa.

Ana iya yin haka da mitar gwajin wuta, a saita ta a kan auna turjiya, wato yadda abu ke tare wa wuta hanya. A cire kan batir na as, wato wanda wayarsa ke haɗe da bodi, a cire fiyus, a zare ƙwayaye da sauran kayan da ke layin, sannan a auna tsakanin ramin da ke tafiya wajen lodi da bodin mota. Idan mita ta nuna kusan sifili, waya na taɓa ƙarfe. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ƙwai a jone, domin zarensa yana da ƙarancin turjiya idan ya huce, sai mita ta nuna kamar akwai shot alhali babu. Zanen wayoyin motar yana rage wahala ƙwarai, don fiyus ɗaya kan ciyar da abubuwan da ba su da alaƙa a ido, kamar rediyo da fitilar cikin mota da agogo.

Wuraren da aka fi samun matsala su ne robar da wayoyi ke bi tsakanin ƙofa da bodi, maƙalar murfin but, ƙarƙashin kujera inda ƙarfen zamiya ke matse waya, da kusa da salansa inda zafi ke narkar da roba. Ramin kunna sigari ma ya yi ƙaurin suna, saboda kwabo ko karyayyen bakin caja kan faɗa ciki. Sai aikin ɓera a motar da ta daɗe a ajiye, da ruwa da ya shiga soket ɗin fitilar baya lokacin damina. Duk da haka, abin da ya kamata a fara zargi shi ne aikin da aka yi na ƙarshe: rediyo, na'urar tsaro ko ƙarin fitilu da aka murɗa wa waya aka naɗe da salatif.

Gyara

Idan an sami wurin, a yanke ɓangaren da ya lalace, a sa waya mai kauri iri ɗaya, a like da dalma ko a matse da mahaɗi, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, sannan a ɗaure damin nesa da bakin ƙarfen da ya goge shi. Kayan ƙari masu jan wuta da yawa a ba su layinsu daga batir, da rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa, da fiyus nasu kusa da kan batir.

Saka fiyus mai amfiya 30 a wurin na 15, ko cusa zaren waya a madadinsa, yana mai da wayar motar ta zama ita ce za ta narke, kuma sau da yawa a cikin dashbod inda ba a gani sai hayaƙi ya fito. Wayoyi masu soket rawaya kuwa na jakar iska ne, wadda ke kumbura ta kare mutum lokacin haɗari, ba a gwada su da fitilar gwaji ko mita, domin wutar gwajin na iya tayar da jakar.