Binciken asibiti a fannin hanyar fitsari da lafiyar haihuwar maza

Binciken asibiti a wannan fanni shi ne nazarin da ake yi a kan mutane, masu lafiya da marasa lafiya, domin a tantance ko wani gwaji, magani ko tiyata na da amfani, da kuma illar da ke biye da shi. Fannin ya haɗa ilimi biyu maƙwabtan juna. Na farko yuroloji, mai kula da ƙoda, mafitsara da bututun fitsari na maza da mata. Na biyu androloji, wanda ya keɓanta da maraina, maniyyi, mazakuta da sinadaran jikin namiji. A mahaɗarsu ne furostet take, wata ƙaramar gaɓa mai nauyin kusan giram 20 da ta zagaye bututun fitsari a ƙarƙashin mafitsara, wadda ke samar da wani kaso na ruwan maniyyi.

Abu biyu ne suka sa bincike a nan yake da wuya. Yawancin cututtukan tafiyar hawainiya suke yi, sai an shekara goma ko goma sha biyar ana bibiyar mutane kafin a san wane magani ya fi. Sannan gaɓoɓin na kusa da jijiyoyin da ke riƙe fitsari da masu tayar da mazakuta, don haka tsawon rai kaɗai ba ya isa ma'auni. Dole a tambayi yadda mutum yake rayuwa bayan magani.

Yadda ake tsara binciken

Hanyar da aka fi yarda da ita ita ce raba mutane rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, a bai wa wasu maganin da ake gwadawa, wasu kuma tsohon magani ko ƙwaya marar komai a ciki. Ƙuri'ar ce ke hana likita tura masu ƙarfin jiki ɓangaren da yake so ya yi nasara. A kan ƙwayar magani wannan na da sauƙi. A kan tiyata kuwa ba a iya ɓoye wa mutum an yanka shi ko ba a yanka ba, kuma maza da yawa ba sa yarda ƙuri'a ta zaɓa musu tsakanin wuƙa da jira.

Tunda ba na'urar da ke auna damuwar mai tashi fitsari da dare, an ƙirƙiro takardun tambayoyi da majinyaci ke cikewa da kansa. Ta alamomin furostet, IPSS, tana da tambayoyi 7 da maki daga 0 zuwa 35. Ta ƙarfin mazakuta, IIEF, ta fito a 1997 da tambayoyi 15.

Tushe

Hugh Hampton Young ya cire furostet gaba ɗaya saboda ciwon daji a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka a 1904. A 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges suka nuna cewa rage sinadarin testosteron, ta cire maraina ko ba da sinadarin mata, na kwantar da dajin da ya bazu. Huggins ya samu lambar Nobel a 1966, shekarar da Donald Gleason ya fitar da tsarin auna munin dajin ta duban tsoka a ƙarƙashin madubin likita. A 1982 Patrick Walsh ya fara tiyatar da ke kauce wa jijiyoyin mazakuta.

Taƙaddamar gwajin PSA

PSA furotin ne da furostet ke fitarwa, ana auna shi a jini. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1986 domin bibiyar waɗanda aka riga aka samu da daji, sannan a 1994 domin neman cutar a jikin waɗanda ba su da wata alama. Gwajin ya bazu tun kafin a tabbatar yana ceton rai. Matsalarsa ita ce bai keɓanta da daji ba: kumburin tsufa da ciwon ƙwayoyin cuta duk suna ɗaga shi. A ɗaya gefen, wani bincike da aka wallafa a 2004 ya samu daji a jikin kusan kashi 15 cikin 100 na mazan da sakamakonsu bai wuce 4 ba, iyakar da aka saba ɗauka a matsayin lafiya.

A watan Maris na 2009 manyan bincike biyu suka fito lokaci guda, suka saɓa wa juna. Na Amurka, PLCO, mai maza fiye da 76,000, bai ga bambanci a yawan mutuwa ba. Na Turai, ERSPC, ya duba maza kusan 162,000 'yan shekara 55 zuwa 69, ya ga mutuwa daga dajin furostet ta ragu da kashi 20 cikin 100. Daga baya aka fahimci cewa da yawa daga cikin waɗanda PLCO ya ajiye a rukunin da ba a gwadawa sun je sun yi gwajin a wurin likitocinsu, don haka kwatancen ya gurɓace. Amma shi ma na Turai ya zo da farashi. A shekara tara ta bibiya, sai an gwada maza 1,410 an yi wa ƙarin 48 magani kafin a hana mutuwa ɗaya. Da aka kai shekara 16, adadin ya sauko zuwa gayyatar 570 da gano cutar a jikin 18.

Dalilin wannan tazara shi ne yawancin dajin furostet da PSA ke tonowa ba zai taɓa kashe mai shi ba. Wani ciwon ne zai riga shi. Sai dai da zarar an ce wa mutum yana da daji, da wuya ya yarda a ƙyale shi. A 2012 kwamitin Amurka mai ba da shawara kan rigakafi ya ce a daina gwajin ga kowa, a 2018 kuma ya sassauta, ya ce ɗan shekara 55 zuwa 69 ya yanke shawara tare da likitansa. Wasu na ganin wannan kwan-gaba-kwan-baya ne. A gaskiya hujjojin ne suka ƙaru, hanyar kula da waɗanda aka gano ma ta sauya.

Tiyata, haske ko sa ido

Binciken ƙasashen Sikandinebiya, SPCG-4, ya raba maza 695 tsakanin tiyata da jira, ya nuna tiyata na rage mutuwa. To amma yawancin mutanensa ba PSA ne ya gano su ba, cutarsu ta riga ta girma. Binciken ProtecT na Birtaniya ne ya amsa tambayar zamanin PSA. Maza 1,643 aka raba uku: tiyata, ƙona dajin da haske, da sa ido tare da gwaji lokaci-lokaci. Bayan shekara 15, kamar yadda aka wallafa a 2023, kusan kashi 3 cikin 100 ne dajin ya kashe, kuma rukunonin uku ba su bambanta a zo a gani ba. Inda suka bambanta shi ne bazuwar cutar, wadda ta kai kashi 9 a rukunin sa ido, kusan kashi 5 a sauran biyun. A shekara ta shida ta bibiya kuma, kashi 17 na waɗanda aka yi wa tiyata na amfani da ƙunzugu saboda ɗigar fitsari, a rukunin haske kashi 4.

Hoton MRI ya rage ɓarnar. A binciken PRECISION na 2018 mai maza 500, fara ɗaukar hoto kafin a ɗebo tsokar furostet da allura don gwaji ya kuɓutar da kashi 28 daga allurar, ya kuma gano daji mai haɗari a kashi 38, inda tsohuwar hanya ta gano 26.

Rigakafi da ƙwaya bai yi armashi ba. Binciken SELECT ya haɗa maza fiye da 35,000 domin gwada bitamin E da sinadarin seleniyam, sai a 2011 aka ga masu shan bitamin E kaɗai haɗarinsu na kamuwa da dajin furostet ya ƙaru da kashi 17 cikin 100.

Kumburin furostet da raunin mazakuta

Kan kumburin da ba daji ba, binciken MTOPS na 2003 mai maza 3,047 ya nuna haɗa magungunan doxazosin da finasteride na rage tsanantar cutar da kashi 66 cikin 100. Sildenafil kuwa maganin ciwon ƙirji aka nufa da shi, sai mazan da ake gwadawa suka ba da labarin wani tasiri daban, wato tayar da mazakuta. An amince da shi a 1998. Binciken da ya biyo baya ya nuna raunin mazakuta kan zama alamar farko ta lalacewar jijiyoyin jini, wani lokaci shekaru kafin ciwon zuciya ya bayyana.

Rashin haihuwa da tazarar haihuwa

Kusan a rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, akwai matsala daga ɓangaren miji, shi kaɗai ko tare da ta matar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitar da littafin auna maniyyi a 1980. Bugu na shida, na 2021, ya sa ƙaramar iyaka a ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita. Na 2010 ya ce miliyan 15. Ba iyaka ce tsakanin mai haihuwa da marar haihuwa ba, an ciro ta ne daga kashi 5 na ƙasa cikin mazan da matansu suka ɗauki ciki a cikin shekara guda. Tunda ƙwayar maniyyi na ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta nuna, duk maganin da ake gwadawa sai an jira wata uku.

A 1992 likitoci a Brussels ta Beljiyam suka ba da rahoton samun ciki ta hanyar tura ƙwayar maniyyi guda cikin ƙwan mace da allura. Dabarar ta bai wa maza da yawa 'ya'ya, amma ta zagaye matsalar ne, ba ta warkar da ita ba. Ƙwayoyin ƙarin lafiya da ake tallatawa ma hujjarsu ba ta da ƙarfi: binciken FAZST na 2020, mai ma'aurata 2,370, bai ga folik asid da zinc sun ƙara haihuwa ba. Allurar testosteron da wasu ke yi don ƙarfi kuwa dakatar da samar da maniyyi take yi.

A kan wannan tasirin aka gina neman maganin tazarar haihuwa na maza. Wani gwaji mai maza 320 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki nauyinsa tare da wasu ya yi aiki sosai wajen hana ciki, amma aka dakatar da shi a 2011 saboda illoli, ciki har da sauyin yanayin rai.

Kaciya da wakilci

Bincike uku ta hanyar ƙuri'a, a Orange Farm ta Afirka ta Kudu, Kisumu ta Kenya da Rakai ta Yuganda, sun nuna kaciya na rage haɗarin namiji ya kamu da HIV daga mace da kusan kashi 60 cikin 100. An tsayar da dukkansu da wuri domin a yi wa sauran mazan kaciyar, kuma a 2007 aka sa ta cikin hanyoyin rigakafi.

Waɗannan an yi su ne a kan 'yan Afirka, amma a dajin furostet lamarin akasin haka ne. Baƙaƙen fata sun fi kamuwa da shi, sun fi mutuwa da shi, amma su ne 'yan ƙalilan a PLCO da ProtecT. Daga cikin dalilan da ake kawowa a Amurka akwai tabon Tuskegee, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bibiyi baƙaƙen maza 399 masu ciwon tunjere ba tare da an ba su magani ba, har bayan samuwar fenisilin. Sakamakon haka, alƙaluman da ake gina shawarar shekarun fara gwajin PSA a kansu sun fito ne galibi daga Turawa.